Daga Bastogne zuwa Bompai: Sojojin Laima, Hanyar Guzuri da Matsayin Kano a Yaƙin Duniya na Biyu

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rawar da sojojin laima na Amurka suka taka a yaƙin dajin Ardennes, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, sannan ta auna ta da ma'aunin Kano. Hujjarta ita ce, aikin waɗannan sojoji a wancan yaƙi tsare mararraba ne har taimako ya iso, kuma tsarewar ba za ta yi amfani ba in da babu masana'anta da mai da mota da jirgi a bayansu. Kano ta shiga wannan tsari na jigila a matsayin zango da rumbu da wurin ɗibar ƙarfin jiki, amma ba a matsayin maƙera ba. Daga nan maƙalar ta nemi fahimtar tasowar Bompai da Sharaɗa da Challawa, da dalilin durƙushewar da yawa daga masana'antunsu.

Gabatarwa

Yawancin abin da matasanmu suka sani game da sojojin laima na Amurka daga fim suka samo shi, musamman jerin Band of Brothers da tashar HBO ta fitar a 2001 bisa littafin Stephen Ambrose. A ciki ana ganin samari kwance a ramuka, dusar ƙanƙara na zuba, abokan gaba sun yi musu ƙawanya, su kuwa sun ƙi miƙa wuya. Jarumtar ta faru, babu mai musunta. Sai dai kyamara fuskar mai bindiga take bi. Ba ruwanta da inda aka ƙera harsashi, ko direban da ya kwana a hanya don ya kai shi, ko manomin da amfanin gonarsa ya ciyar da mai ƙerawar. Ga ɗalibin tarihi da ke Kano kuwa, wannan ɓangaren da fim ya bari shi ne wanda ya shafe shi, domin a nan ne garinsa ya shigo cikin labarin.

Yadda yaƙin ya kasance

Da asubahin 16 ga Disamba 1944, sojojin Jamus kimanin dubu ɗari biyu suka afka wa layin Amurkawa a dajin Ardennes, inda iyakokin Beljiyam da Luksambag da Jamus suka haɗu. Nufin Hitila shi ne su tsallake kogin Meuse, su kama tashar jiragen ruwa ta Antwerp, su raba rundunar Ingila da ta Amurka biyu. An zaɓi lokacin ne saboda hazo da gajimare, don jiragen yaƙin ƙawance su kasa tashi. Wurin kuma tuddai ne da kurmi, tankar yaƙi ba ta iya barin kwalta a cikinsa idan ƙasa ta jiƙe. Saboda haka duk wanda ya riƙe mahaɗar hanyoyi, shi ke da iko da saurin yaƙin. Manyan mahaɗun guda biyu ne: St. Vith a arewa, da Bastogne a kudu, inda manyan hanyoyi bakwai suka gamu.

Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance, ba shi da wata babbar ajiya a kusa sai rundunonin laima biyu, ta 82 da ta 101, waɗanda ke hutawa a yankin Reims na Faransa bayan wahalar da suka sha a Holan tun watan Satumba. Ran 18 ga Disamba aka tashe su. Runduna ta 82, ƙarƙashin Janar James Gavin, ta nufi Werbomont a arewa. Ta 101 ta nufi Bastogne ƙarƙashin Birgediya Anthony McAuliffe, domin kwamandanta, Janar Maxwell Taylor, yana Amurka a lokacin. Kafin 21 ga wata Jamusawa sun datse duk hanyoyin shiga garin. Washegari suka aiko da takardar neman a miƙa wuya, McAuliffe ya mayar musu da amsa kalma ɗaya tak ta raini. Ran 26 ga wata tankokin runduna ta 4 daga cikin mayaƙan Janar Patton suka fasa ƙawanyar ta kudu. Faɗa bai ƙare ba sai 25 ga Janairu 1945, kuma Amurka ta yi asarar rayuka kimanin 19,000, adadin da ya fi na kowane gumurzu guda da ta yi a duk tsawon yaƙin.

Sojan laima da ya zo a mota

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, waɗannan sojoji ba da laima suka sauka a Ardennes ba. A bayan manyan motoci kusan 380 aka loda mutanen runduna ta 101, aka yi tafiyar dare ta kimanin kilomita 170, kwatankwacin nisan Kano da Katsina, fitilu a kunne duk da haɗarin jiragen abokan gaba. Sun riga Jamusawa isa da 'yan sa'o'i kaɗan. Waɗannan sa'o'i direbobi ne suka samo su, kuma sashen jigila na rundunar Amurka a wancan zamani na wariyar launin fata cike yake da baƙaƙe: a shahararren ayarin Red Ball Express, wanda ya yi aiki daga Agusta zuwa Nuwamba 1944, kusan kashi uku cikin huɗu na direbobi baƙar fata ne. Waɗanda suka kai hari da tsallen laima a wannan yaƙi Jamusawa ne, ƙarƙashin Kanar von der Heydte, ran 17 ga Disamba, kuma iska da duhu sun warwatsa su, ba su tsinana komai ba.

Na biyu, sojan laima mai ƙaramin makami ne. An horar da shi ya faɗa bayan layin abokan gaba, ya riƙe wuri na kwana biyu ko uku, a zo a karɓe shi. Wannan horo ya taimaka, domin ƙawanya ba baƙon abu ba ce a wurinsa. Amma da bindigar kafaɗa ba a tare tanka. Waɗanda suka cike wannan giɓi a Bastogne su ne wani sashe na rundunar tankoki ta 10, da bataliyar maharba tankoki ta 705, da bataliyoyin igwa, ciki har da ta 969 wadda sojojinta baƙaƙe ne, wadda kuma ta samu lambar yabo ta musamman saboda wannan aiki. Kafin su duka, ragowar rundunar ƙasa ta 28 ne suka jinkirta Jamusawa a gabas da garin, suka biya da jininsu.

Na uku, kafin 22 ga Disamba albarusan igwa sun kusa ƙarewa, har ana ƙidaya wa kowace bindiga abin da za ta harba a yini. Jamusawa sun kame asibitin rundunar tun daren 19 ga wata, masu rauni na kwance babu likitan fiɗa. Da yawa sun zo ba su da babbar riga ko takalmin sanyi, sanyi yana cin yatsunsu. Ran 23 ga wata gari ya washe, jiragen jigila samfurin C-47 guda 241 suka jefo kaya tan 144. A kwanakin da suka biyo baya aka ci gaba da jefowa, aka kuma sauko da likitoci da mai a jirage marasa inji waɗanda ake ja da igiya. In da hazon ya ƙara kwana uku, da wuya labarin ya zo mana yadda ya zo.

Abin da ya karya lagon Jamus

Idan aka juya aka dubi ɗaya ɓangaren, hujjar na ƙara fitowa fili. Tun watan Mayu 1944 jiragen ƙawance ke ragargazar matatun man Jamus, a watan Agusta kuma rijiyoyin Ploiești na Romaniya suka suɓuce mata. Ta shiga Ardennes da man da bai isa ya kai ta Antwerp ba, tana sa ran ganimar rumbunan Amurkawa. Amurkawa kuwa suka kwashe abin da za su iya a yankin Spa da Stavelot, suka cinna wa wani wuta. Ayarin Joachim Peiper, wanda mutanensa suka kashe fursunoni 84 a kusa da Malmedy, ya ci karo da runduna ta 82 a Cheneux da Trois-Ponts, aka karya gadoji a gabansa, mai ya ƙare masa a La Gleize. Daren 23 zuwa 24 ga Disamba ya bar tankokinsa, ya sulale da ƙafa da mutum kimanin 800. Rundunar tankoki ta 2 ta Jamus, wadda ta fi kowa nisa, ta tsaya cik a Celles, 'yan kilomitoci kaɗan daga kogin Meuse, ita ma babu mai.

Ba rashin jarumta ne ya kayar da waɗannan mayaƙa ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amurka ta ƙera jiragen sama kusan 300,000 a tsawon yaƙin, daga ciki C-47 sun haura 10,000, ta kuma ƙera manyan motocin GMC fiye da rabin miliyan. Kowane yini da sojan laima ya riƙe mararraba, mai na ƙonewa a tankin Bajamushe ba tare da ya ci gaba ba, shi kuwa Ba'amurke sabbin motoci na ƙara kusanto shi.

Kano a kan layin jigila

Jiragen da suka ceci Bastogne daga sansanonin Ingila da Faransa suka taso, ba ta Kano suka bi ba. Amma dabarar ciyar da fagen daga ta sama daga nesa mai tsawo, Kano na cikin wuraren da aka fara gwada ta. Jirgi ya fara sauka a Kano a Nuwamba 1925. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka koma kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, El Fasher, Hartum, har Alƙahira. Abin da ya ba da damar haka shi ne Félix Éboué, gwamnan Cadi, ya bi bayan Janar de Gaulle a Agusta 1940. Nijar kuwa ta zauna a hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har ƙarshen 1942, don haka Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, gari ne na bakin iyaka, Damagaram na ɗaya ɓangaren.

Daga Satumba 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. A 1941 kamfanin Pan American ya karɓi kwangilar gyara filayen da tafiyar da jigila, kafin ƙarshen 1942 kuma sojan saman Amurka suka karɓi aikin da kansu. Jiragen da suka sha mai a Kano sun taimaka wajen karya kwamandan Jamus Rommel a El Alamein, wasu kuma suka wuce Iran da Indiya.

Ta ƙasa ma an ɗebi Kano. Da Japan ta kame Malaya da Singafo a farkon 1942, Ingila ta rasa kuzarta da wani babban kaso na man girkinta. Aka kafa hukumar sayen amfanin gona ta Afirka ta Yamma a 1942, ta ƙayyade farashin gyaɗa, aka matsa wa hakimai da dagatai su ƙara noma. Daga 1942 zuwa 1944 aka kwashi dubun dubatan talakawan lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos bisa tilas, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama.

'Yan Bama da jiragen Amurka

Misalin da ya fi kusa da Bastogne a tarihinmu yana ƙasar Bama. A Maris 1944 Janar Orde Wingate na Ingila ya tura mayaƙansa da ake kira Chindit bayan layin Japan, kuma jiragen Amurka, ciki har da na rundunar Kanar Philip Cochran, suna cikin waɗanda suka kai su suka kuma kwaso masu rauninsu. A cikinsu akwai birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta rundunar Nijeriya. An sauke su ta jirgi a tsakiyar daji, aka ɗora musu tsaron wani sansani da ake kira White City kusa da Mawlu, wanda ya datse titi da layin dogon da Japanawa ke kai guzuri arewa. Aikinsu daidai yake da na mutanen McAuliffe: a zauna a kan hanyar abokin gaba, a sha luguden wuta, a ci abin da jirgi ya jefo. Sun yi shi watanni takwas kafin Bastogne.

Haka kuma runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙin kwarin Kaladan da guzurin da ake jefo mata daga sama, tana cikin manyan rundunonin farko da aka ciyar ta wannan hanya gaba ɗaya. Abin da jirgi ya jefo kuwa, a kan 'yan dako yake ƙarasawa. A daidai makonnin da ake fafatawa a Ardennes, runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma tana gangarawa kwarin Kalapanzin, kuma a ƙarshen Janairu 1945 rundunonin biyu suka kama Myohaung. Sunayen barikokin Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Dodan da Myohaung a Legas, duk daga can aka samo su. Sa'adu Zungur ya yi wa masu dawowa waƙar Maraba da Soja, Biyi Bandele kuma ya rubuta labarinsu a Burma Boy a 2007, amma har yau ba su samu rabin rubuce-rubucen da runduna ta 101 ta samu ba.

Bompai, Sharaɗa da Challawa

Idan aka tattara, Kano ta ba da fili, ta ba da gyaɗa, ta ba da mutane. Abin da ba ta bayar ba shi ne ƙerarren kaya. Mulkin mallaka ya shimfiɗa mata dogo a 1911 don ya fitar da ɗanyen kaya ne, ba don a sarrafa shi a gida ba. Ko dalar gyaɗar da muke alfahari da ita, tana da wata fuska: a ƙarshen shekarun 1940 buhuna sun yi ta taruwa a Kano ne saboda kawunan jirgi da taragai sun tsufa a lokacin yaƙi, ba su iya kwashe amfanin shekara kafin na wata shekarar ya shigo, har ƙwari suna ɓata wani.

Masana'antun Kano yunƙuri ne na fita daga wannan matsayi. Matatun man gyaɗa, waɗanda 'yan kasuwa 'yan asalin Labanan da Girka suka yi fice a cikinsu, su ne suka fara, kuma Bompai, da ke kusa da dogo da filin jirgi, ta zama matattarar farko. Bayan an ƙirƙiri jihar Kano a 1967, da kuɗin mai na shekarun 1970, aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, sannan Challawa a bakin kogi, inda masana'antun jima suka taru. Aka samu masaƙu, da masu yin robobi, alewa, sabulu, takalma da kwanuka.

Amma kowace daga cikinsu tana rataye ne da doguwar igiya. Na'ura da kayan gyaranta da sinadarai ta tashar Legas suke shigowa, tafiyar kilomita fiye da dubu. Baƙin man tukunyar masaƙa a lokacin daga matatar Kaduna yake zuwa, wadda aka buɗe a 1980. Wuta kuma daga kudu take haurowa ta Kaduna zuwa tashar Kumbotso. Sai igiyoyin suka riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka gama da dala. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka yi tsada. Dogo ya mutu, kaya suka koma kan tirela. Matatar Kaduna ta yi ta tsayawa. Atamfar fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari. A Oktoba 2024, da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta shafe fiye da mako guda cikin duhu, mai masana'anta ko dai ya sayi dizal da tsada ko ya sallami ma'aikata su koma gida.

Masu masana'antar da suka rage a waɗannan unguwanni ana yawan yaba musu da juriya, kuma sun cancanta. Sai dai darasin Ardennes shi ne juriya lokaci take saye, ba nasara ba. McAuliffe ya riƙe Bastogne ne na kwanaki, yana da tabbacin jirgi da tanka suna tafe. Masana'antun Kano sun shafe shekara kusan arba'in suna riƙe da wuri.

Iyakar wannan hujja

Ana iya yi wa wannan ra'ayi suka ta fuska uku. Ta farko, masana tarihin soja da dama suna ganin an zuzuta Bastogne, domin babban harin Jamus a arewa yake, kuma rundunonin ƙasa ta 2 da ta 99 ne suka tare shi a tudun Elsenborn, tare da masu tsaron St. Vith. Wannan gaskiya ne, kuma ƙarfafa hujjar yake yi, domin yana nuna nasarar ta tsari ce gaba ɗaya, ba ta runduna guda ba. Ta biyu, wani zai ce kaya ba sa yaƙi da kansu. Haka ne: a gabas da St. Vith, rejimanti biyu na runduna ta 106, sababbin shiga, sun miƙa wuya ran 19 ga Disamba bayan an kewaye su, alhali ƙasa ɗaya ce ta ƙera musu makamai. Horo da shugabanci suna da nasu rabo. Abin da ake cewa shi ne, su sharaɗi ne, amma ba su wadatar ba. Ta uku, kasuwa ba fagen daga ba ce. Wasu masana'antun Kano rashin iya gudanarwa ne ya kashe su, ko rikicin gado, ko dogaro da lasisin shigo da kaya, ba katsewar hanya ba, kuma majemun Challawa suna da alhakin gurɓata ruwan da manoman bakin kogi ke amfani da shi. Kwatancen bai wanke kowa ba. Iyakarsa ya nuna inda nauyi ya fi yawa.

Kammalawa

Abu biyu ke biyo bayan wannan nazari. Ga masu tsara manufa, ma'aunin farfaɗo da Bompai da Sharaɗa da Challawa ba yawan taron zuba jari ba ne, a'a, ranar da bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yuni 2020, zai kai gas bakin tukunyar masana'anta. Da ranar da sabon dogon Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi za su ɗauki kwantena daga tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki. Da ranar da auduga da fata da gyaɗa za su wadaci injinan da aka kafa dominsu. Ga masana tarihi kuwa, a Jami'ar Bayero da Arewa House da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai aiki a ƙasa: su waye leburorin da suka faɗaɗa filin jirgin Kano, nawa aka biya manomi a kan tan ɗin gyaɗa daga 1942 zuwa 1945, daga waɗanne gundumomi aka ɗebi mutanen bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, kuma wace sana'a direbobi da makanikan da soja ya horar suka kama bayan an sallame su. Amsoshin suna cikin fayilolin lardi, da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, da bakin 'ya'yan 'yan mazan jiya, waɗanda su ma yanzu sun manyanta, don haka aikin ba na jinkirtawa ba ne.